Allo a Kan Kufai

Allon ƙarfe ne a kan dogon turke, a gefen titi, galibi kusa da wata 'yar gada. A jihar Pennsylvania ta Amurka shuɗi ne da rubutu ruwan zinare, a Virginia ruwan azurfa ne da baƙin rubutu, a New York shuɗi da rawaya. Abin da ke kansa ba ya wuce 'yan layuka: wai a kusa da nan, a shekara kaza, wane ya gina wurin niƙa hatsi, wai shi ne irinsa na farko a yankin, wai ya ciyar da sojojin George Washington a yaƙin neman 'yanci, wai gobara ta cinye shi, ko ambaliya ta tafi da shi. In ka ɗaga ido daga allon ka leƙa bayansa, ba lalle ka ga komai ba sai ciyawa da rafi, wataƙila da gidan mai.

Na zauna wata rana ina gwada mayar da irin wannan allo Hausa, don nishaɗi kawai, sai na tarar kusan kowace kalma tana turjiya.

Abin da allon yake gadi muna da sunansa: kufai. Kango daban, kufai daban. Kango yana da sauran bango, kana iya nuna inda ƙofa take, har akuya ta fake a inuwarsa. Kufai kuwa ƙasa ta riga ta haɗiye ginin. Sai mai ido ne zai lura da ɗan tudu, da tsingaro a cikin huɗa, da tsamiya tsaye inda ba a ga dalilin tsayuwarta ba. Turancin allunan yana cewa "site", kalmar da leburorin gini a garuruwanmu suka ara suke cewa sun tafi sayit. Kalma ɗaya ke nan ga filin da za a gina da filin da aka gina ya rushe, ba ruwanta da jiya ko gobe. Duk wanda ya ce kufai kuwa ya ce an zauna an tashi, kuma mai sauraro zai tambaya me ya tashe su: yaƙi ne, ko yunwa, ko rijiya ce ta ƙafe? Tun a kalmar farko fassara ta fara tambayar abin da allon bai shirya amsawa ba.

Sai shi kansa abin da ya tsaya a wurin. Bahaushen yau zai ce injin niƙa. Amma inji a kunnenmu yana tafe da ƙara da hayaƙi da warin man gas, da bel da ke tsinkewa ana tsakiyar aiki, da layin yara riƙe da kwanuka suna gardamar wa ya riga wa zuwa. Mu daga dutsen niƙa da turmi muka tsallaka kai tsaye zuwa inji, ba mu yada zango inda ruwa ke yin aikin ba, saboda haka harshen bai tanadi suna ba. Na fi son in ce maniƙa, a kan ma'aunin marina da majema da maƙera da masaƙa. Ga yadda take aiki: a datse rafi a tara ruwa, a haƙa magudana a jawo shi zuwa wani katon wili na katako, nauyin ruwan ya juya wilin, wilin ya juya haƙoran katako, su kuma su juya dutse a kan dutse. Na ƙasa a zaune yake, na sama ke yawo, kuma gwanin mai niƙa shi ne wanda ya san tazarar da zai bari tsakaninsu, domin bai kamata su gogi juna ba. In sun yi santsi a ɗaga na sama a ƙoda su, kamar yadda kakanninmu mata ke yi wa nasu dutsen. A wancan zamani da hatsi ake biyan lada: dokar Massachusetts ta ba mai maniƙa kashi ɗaya cikin 16, a Virginia ana ɗibar ɗaya cikin 8.

Turanci ya ɗauki kalmarsa ta "mill" daga Latin, tushenta niƙa, ya yi ta shimfiɗa ta har ta rufe duk abin da ruwa ke juyawa: tsaga katako, bugun ulu, haɗa albarushi. Wadda William Rittenhouse ya kafa kusa da Germantown a 1690, ta farko da ta yi takarda a yankunan Ingila na Amurka, tsummokaran lilin take kirɓawa har su zama kamar kunu. Wannan a wurinmu daka ne, kuma matar da ta san bambancin surfe da ɓarza da ribɗi da niƙa ba za ta yarda a haɗa su a suna ɗaya ba.

Rubutun boko yana yi mana wani wasa a nan. Gari na tuwo da gari na zama haruffansu ɗaya, baki ne kawai ke raba su da jan wasali. A tarihin gabashin Amurka kuwa da gaske a ɗaure suke da juna. Sabon matsuguni yakan ba da fili da ikon amfani da rafi ga duk wanda zai kafa maniƙa, hanyoyi su miƙe zuwa ƙofarta, maƙeri da mai shago da mai masauki su biyo baya. A 1772 wasu 'yan'uwa uku, John da Andrew da Joseph Ellicott, suka taso daga Pennsylvania suka kafa maniƙar alkama a bakin kogin Patapsco a Maryland, suka shawo kan manoman yankin su bar taba su koma alkama. Shekaru kusan ɗari ana kiran wurin da sunan maniƙarsu, sai a 1867 ya zama Ellicott City. Gari ya haifi gari. Birnin New York ma har yau akwai gangunan gari biyu da fukafukan maniƙar iska a jikin hatiminsa, tunawa da wata doka ta 1678 da ta keɓe wa birnin ikon tankaɗe garin da za a fitar waje. Dokar tankaɗe! Arzikin birnin da duniya ke kallo ya taɓa rataya a kan rariya.

Kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda ta fi sauƙi a ƙamus. Allunan da littattafan da ke bayaninsu suna kiran wannan zamani "colonial", kuma ko ɗan sakandare zai ce maka ma'anarta mulkin mallaka. Daidai ne, amma ka saurari yadda kalmar ke sauka a kunnen Ba'amurke. Fararen gidaje ne na katako masu tagogi a jere, da murhu da kyandir, da mata cikin dogayen riguna suna nuna wa 'yan yawon buɗe ido yadda ake kaɗi da saƙa a Williamsburg, garin da aka fara mayar wa da tsohuwar kamarsa a 1926 da kuɗin John D. Rockefeller ƙarami. Dillalan gidaje suna liƙa kalmar a talla don ta ƙara wa gida daraja. Ka ƙaddara wani dillali a Kano ya ce maka, "Alhaji, ga wani gida nan mai fasalin mulkin mallaka, ɗaki huɗu da falo." Sai ka dube shi ka ga ko lafiyarsa ƙalau.

Saiwoyin kalmomin biyu ba a gona ɗaya suke ba. Ta Turanci ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin manomi, wanda ya je wata ƙasa ya sare daji ya yi shuka. Tamu ta fito daga mallaka: mallakar gona, mallakar doki, mallakar bawa, har da wadda ake raɗa cewa ta je wurin boka ta mallake mijinta, ba ya iya ƙetare maganarta. Wanda ya ƙera kalmar Turanci yana riƙe da garma ne yana kallon ƙasa. Wanda ya ƙera tamu ɗaga kai ya yi ya ga wanda ke tsaye a kansa. Tsofaffinmu ma ba haka suke faɗi ba da fari, zuwan Turawa suke cewa, ko zamanin Nasara, wasunsu har da ɗan bege in suna tuna arhar kaya da dalar gyaɗa. 'Yan siyasa da jaridu da rediyo ne suka kafa mulkin mallaka a bakin kowa, kuma sun zaɓi kalma mai haƙora.

Sannan labarin biyu bai ƙare iri ɗaya ba. A nan, sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903, a 1960 aka sauke tuta, Bature ya haɗa kayansa ya koma gida. A can, Bature ya sauka Jamestown a 1607 ya kafa bukka, jikokinsa suka yi shelar rabuwa da danginsu na ƙetaren teku a 1776, suka kira abin 'yanci. Lenape da Powhatan da Wampanoag, waɗanda aka tarar a ƙasar, ba su ga kowa ya tafi ba. Masu fassara labarai a gidajen rediyonmu suna da suna ga irin wannan baƙo, suna mai ban dariya da ban tsoro: ɗan kama-wuri-zauna. Abin da Hausa ta raba gida biyu, Turancin allon ya cusa shi cikin kalma ɗaya. Mutumin da ya kafa maniƙar talaka ne ga sarkin Ingila, kuma a lokaci guda shi ne ya kama wuri ya zauna. Jikansa da ya rubuta allon ya fi tuna na farkon.

Ba ƙarya yake tunawa ba. A 1750 majalisar dokokin Ingila ta hana mazauna Amurka gina sababbin wuraren murza ƙarfe da tsaga shi, don su ci gaba da aika ɗanyen ƙarfe Ingila suna sayo ƙerarre. Duk wanda ya san yadda audugar Funtuwa da gyaɗar Kano suka bi jirgin ƙasa zuwa teku ya san wannan lissafi. Amma a wannan shekarar dai, 1750, wani attajiri mai suna Adolph Philipse ya mutu a New York, aka zo ƙidayar dukiyarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka ma ranar rabon gado. A maniƙarsa ta bakin kogin Pocantico, a garin da ake kira Sleepy Hollow yanzu, takardar ta lissafa mutum 23, maza da mata da yara, 'yan asalin Afirka, a jeri ɗaya da dabbobi da kayan aiki. Daga cikinsu akwai Caesar, wanda shi ne mai niƙan. Shi ya san tazarar duwatsun, shi ke tantance laushin gari da yatsunsa. Garin da ya niƙa jiragen ruwa ke kwasa zuwa tsibiran Karibiyan, inda gonakin rake suka cinye filin da za a noma abinci. A nan kalmar mallaka ba ta buƙatar sharhi, tana zaune a takardar gado da adadi a gefenta.

Wannan ya kai ni ga ɗan ƙaramin aikatau da ke kusan kowane allo: ya gina. George Washington ya gina maniƙa a rafin Dogue Run, kusa da gidansa na Mount Vernon, tsakanin 1770 da 1771, bayan ya gaji da asarar taba ya koma alkama. Wilinta ƙafa 16 ne. A 1791 ya saka mata tsarin Oliver Evans, wanda ke ɗaga hatsi ya sauke gari ba tare da an ɗauka a ka ba. Duk gaskiya ne. Sai dai bayi ne suka haƙa magudanar, bayi suka haɗa gangunan, kuma wani bawa mai suna Ben yana cikin masu niƙan. Duwatsun ma kashi biyu ne: na Faransa masu fitar da lallausan garin alkama na sayarwa ƙasashen waje, da na Jamus masu niƙa masara, wadda ita ce abincin da ake auna wa bayin. Lokacin da ya mutu a 1799 akwai bayi 317 a gandunsa. Jihar Virginia ta sake gina maniƙar a farkon shekarun 1930 don cikarsa shekara 200 da haihuwa. Sunan Ben ya daɗe bai shiga bakin masu yi wa baƙi jagora ba.

A nan dole in sauke murya, domin Hausa ba ta fi Turanci gaskiya a wannan gaɓa ba. Mu ma cewa muke yi Muhammadu Rumfa ya gina gidan sarauta ya kafa kasuwar Kurmi, kuma ba wanda ya riƙe sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar. Muna ma da abin da ya fi nasu iya ɓoyo: an gina, aka gina. Wannan "aka" bargo ne, ya isa ya lulluɓe mutum dubu. A manyan gidajen ƙasar Hausa kafin zuwan inji, wa ke durƙusawa gaban dutse tun asuba? Kuyangi ne, da matan rinji, da amaren da ba su da mai taya su. Sun bar waƙoƙin niƙa, ba su bar suna ba. Da za mu kafa alluna a kan kufan rinjojinmu, ina zargin sunan mai gandun za mu rubuta.

"Na farko" kuwa kalma ce da allunan ke ƙauna kamar yadda maroƙi ke ƙaunar "ba a taɓa yin irinka ba". A 1634 Israel Stoughton ya kafa maniƙa a mafaɗar ruwan kogin Neponset, a Dorchester kusa da Boston, kuma ana lissafa ta cikin na farko da ruwa ya juya a New England. Mafaɗar nan wurin kamun kifi ne na mutanen Neponset tun kafin a san da Dorchester, kuma madatsa ba ta san kifi mai hawa kogi don yin ƙwai ba. Shekara uku bayan haka, a 1637, wannan Stoughton ya jagoranci mayaƙan Massachusetts a yaƙin da ya tarwatsa al'ummar Pequot, har ya rubuta wa gwamna Winthrop wasiƙa yana roƙon a ba shi ɗaya daga cikin matan da aka kamo. Masarar da maniƙarsa ta niƙa kuwa matan ƙasar sun yi ɗaruruwan shekaru suna dakanta a turmin itace. Tana cikin na farko da ruwa ya juya, wannan ba gardama. Amma turmi ba ya barin harsashin gini, saboda haka ba ya samun allo.

Ita kanta masara sunanta wani ɗan allo ne a bakin hanya. Masana harshe da yawa suna ganin daga Masar sunan ya fito, alhali asalin shukar kudancin Meziko ne. Mun laƙaba wa baƙuwa sunan zangon da muka ji ta biyo, muka manta gidan ubanta.

Su wa suka rubuta allunan, kuma yaushe? Yawancin tsofaffin allunan 'ya'yan zamanin mota ne. New York ta fara nata a 1926, Virginia a 1927 a kan babbar hanyar da ta haɗa Fredericksburg da Richmond, Massachusetts ta kafa 275 a 1930 don cikar shekara 300 da kafuwarta, masanin tarihi Samuel Eliot Morison ya duba rubutunsu. Virginia har lamba ta sa wa kowane allo, ta buga ɗan littafi, don matafiyi ya hango lambar ya karanta bayanin ba tare da ya taka birki ba. An ce waiwaye adon tafiya, to ga waiwaye da aka tsara wa mai gudu. Wanda aka ba kalma ɗari ko ƙasa da haka dole ya tankaɗe, kuma ba na ganin laifinsa a kan tankaɗen. Abin dubawa shi ne idon rariyar. Shekara uku kafin allon Virginia na farko, a 1924, jihar ta yi dokar da ta raba mutanenta gida biyu kacal, farare da waɗanda ba farare ba, har aka riƙa goge sunan 'yan asalin ƙasar daga takardun haihuwa. Hannun da ya yi wannan doka ba zai saƙa rariyar da Ben ko Caesar za su ratsa ba. Abin da ya ratsa shi ne sunan mai wuri, da shekara, da duk wata alaƙa da Washington komai ƙanƙantarta. Da a ce kowace maniƙar da ke da'awar ta ciyar da sojojin Washington a sansanin Valley Forge ta ciyar da su, da ba a yi yunwa a sansanin ba a hunturun 1777 zuwa 1778.

An fara waiwayar tsakin da ya rage a rariya. A Philipsburg, gidan Philipse na da, tun ƙarshen shekarun 1990 labarin mutum 23 ɗin nan ne ginshiƙin abin da ake gaya wa baƙi. A 2020 da 2021 hukumar tarihi ta Pennsylvania ta bi allunanta kusan 2,500 tana duba kalmominsu, ta cire wasu, ta sake rubuta wasu, aka kuwa yi ta cece-kuce. Ina ganin gyaran ya dace, ko da yake ƙarfe ba ya son gyara: abin da aka zuba a alminiyam yana yi wa mai karatu kama da hukuncin da aka gama yankewa, sabon allon ma haka zai yi wa jikokin masu gyaran. Ni dai a fassarata na bar "zamanin mulkin mallaka" yadda yake, ban sassauta shi zuwa "zamanin da" ba, ko da yake na san Ba'amurken da ya rubuta allon ba haka yake ji a ransa ba.

Akwai kuma wani rubutun da ba kwamiti ne ya yi shi ba. A 2008 wasu masana ƙasa biyu na kwalejin Franklin da Marshall a Lancaster, Robert Walter da Dorothy Merritts, suka buga bincike a mujallar Science wanda ya sauya yadda ake kallon rafukan yankin. Dogayen gaɓoɓin laka da kowa ya ɗauka haka Allah Ya halicce su, ashe laka ce da ta kwanta a bayan madatsun maniƙu. An sare dazuzzuka, an yi huɗa a kan tuddai, ruwan sama ya wanko ƙasar, madatsa bayan madatsa ta tare ta, tun daga ƙarshen ƙarni na 17. Ƙidayar 1840 ta nuna wuraren aiki da ƙarfin ruwa sama da 65,000 a gabashin ƙasar. Da madatsun suka ruɓe suka fashe, rafukan suka yanka ta cikin lakar, kuma har yau suna kwasarta zuwa mashigin Chesapeake. Kafin haka kwarurukan fadamu ne, ruwa na rarrafe a cikinsu ta ƙananan hanyoyi masu yawa.

In Allah Ya kai ka ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ka tsaya ka karanta allon, ba zai ci maka minti biyu ba. Sannan ka gangara rafin ka dubi gaɓar. Baƙin layin da ke can ƙasa dab da ruwa shi ne fadamar da 'yan asalin ƙasar suka sani. Duk abin da ke samansa bayan zuwan maniƙa ya taru, kuma a wasu wurare kaurinsa ya kai mita biyar.